Fuskar da Muka Ajiye Sai Ƙarshen Fim

Daga Allah muke, kuma gare Shi muke komawa ɗaya bayan ɗaya. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Bagama, bayan zazzaɓin kwana biyu da ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, har shi kansa. Ina ofis a Abuja saƙon ya same ni. Kafin motar haya ta fita daga cunkoso ta sauke ni a Suleja, an yi masa sutura, an sallace shi, an dawo daga maƙabarta. Tabarmi na tarar a ƙofar gida, da mutane.

Mutanen ne suka ba ni mamaki. Na zaci dangi zan gani da 'yan unguwa, sai ga kanikawa da baƙin mai a hannu, ga kwandastoci, ga leburorin gini sun baro aiki da siminti a ƙafa. A garin nan ba wanda ya san shi da sunan yanka. Baba Silima ake ce masa, saboda rumfar kallon bidiyo da ya riƙe a bayan tasha. Kowa ya zauna ya yi addu'a sai ya kawo labari, kuma labarin kusan guda ne: ranar da marigayi ya rufe masa ƙofa.

Wani kwandasta, ƙato da shi, yana share ido da gefen riga ya ce, "Wallahi Baba lock me outside pass ten times. Ina buga kwano ina cewa abeg Baba, abeg. Ya ce an fara, je ka dawo Lahadi."

Ticha, maƙwabcin Kawu, mutumin Filato ne da ke koyarwa a firamare, shekara tara suna shan rijiya ɗaya. Ya zo da matarsa da tukunyar kunu, ya zauna a gefen tabarma ya ce da ni, "Ni da na kama masa katako ya kafa rumfar, ni ma ya hana ni shiga. Na ce Baba, ni ne fa. Ya ce agogo bai san ka ba."

Har limamin unguwa, wanda ya daɗe yana yi wa rumfar nan gugar zana a wa'azinsa, ya ce abu guda zai shaida: bai taɓa jin ƙarar janareton marigayi ba bayan an kira magariba. Mahaifiyata kuwa ba ta cewa komai sai "Yaya ya tafi, Yaya ya tafi," kamar mai sanar da kanta.

Ranar uku aka ce Inna na kirana. Matar Kawu ce, ita ta ciyar da ni shekara biyu a ɗakin zaure lokacin da na baro Zariya neman aiki. Na same ta a ƙuryar ɗaki cikin mayafin takaba. Da na gama yi mata gaisuwa sai ta sa matan da ke wurin suka ɗan ba mu wuri.

"An ce kana da shi a kaset," ta ce.

Na ce, "E, Inna. Amma kaɗan ne."

"Ko yaya ne. Ka kawo mini in gan shi. Tun jiya nake lalubo fuskarsa a raina, da ta zo sai ta ɓace."

Kawu ba shi da hoto ko ɗaya a duniya. Wanda ke jikin tsohon katin aikinsa ya lalace shekarar da ruwa ya shiga gidan ya jiƙa akwati. A bikin 'ya'yansa mata uku, da mai hoto ya ɗaga kyamara sai Kawu ya tuna yana da uzuri a waje. Kaset ɗin da ke ƙarƙashin gadona shi kaɗai ya rage, minti huɗu ne da 'yan daƙiƙu, kuma na san abin da Inna ba ta sani ba, wato babu fuskarsa a ciki. Sai na ce ta bari ta fita takaba tukuna, wai ba kyau mai takaba ta zauna gaban talabijin. Har yau ban san inda na samo wannan fatawa ba. Na dai samu wata huɗu da kwana goma na ɓuya a bayanta.

Kawu ya yi ƙuruciyarsa yana haska fim a wata silima a Kaduna, a ɗan ɗakin sama mai taga kamar ta akurki, shi da majigi. Da bidiyo ya shigo gidaje silima ta fara mutuwa, kuma a daidai lokacin kowa ya ɗaura kaya sai Abuja. Wanda Abuja ta fi ƙarfin aljihunsa sai ya kwana a Suleja. Kawu ya bi ayarin, ya kafa rumfar kwano, ya jera benci takwas, ya ɗora talabijin a kan durom. Kallo ɗaya yake yi a rana, daga idar da la'asar zuwa gab da magariba. Ya ce ya ƙarar da rabin ransa a duhu, ba zai ƙarar da sauran ba.

Finafinan kisa da bincike ne abincinsa, irin waɗanda za a kashe mutum tun farko, a yi ta neman wanda ya aikata. Na soyayya yakan sa don masu so, ya koma bakin ƙofa yana ɓare gyaɗa. Amma in na bincike ne, da ya danna kaset sai ya ja ƙyauren kwano ya sa sakata, ko uban wa ke waje.

Na taɓa ce masa, "Kawu, kana korar ciniki."

Ya ce, "Na Auta, wanda bai ga farko ba zai dame ni da wane ne wannan, me ya yi. Ya ɓata nasa kallon ya ɓata na mutane. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to shi fim Larabarsa minti biyar ce."

Na Auta yake kirana saboda mahaifiyata ce autarsu.

Turancin Kawu bai wuce na gaisuwa ba, Indiyanci kuwa sai abin da kunne ya tsinta. Amma kafin a buɗe baki a fim ya riga ya karance shi. Yakan tsaya a bayan benci na ƙarshe, hannu a baya, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tilawa.

"Kun ga an fara da zaman lafiya? Mace na shanya, yara na wasa. To ku gyara zama."

Sai a nuno wani yana rufe shago yana wa maƙwabcinsa sai da safe. Kawu ya girgiza kai. "Allah sarki. Wannan ba zai ga safen ba. Duk wanda aka bari ya yi sallama da kyau a farkon fim, ko ya ciro hoton 'ya'yansa ya nuna wa aboki, ku fara yi masa addu'a."

Kare ya yi haushi ya yi shiru. Waya na ta ƙara a ɗaki ba mai ɗauka. Kiɗa na tafiya sai ya ɗauke ɗif. A nan Kawu kan ɗaga yatsa. Ya ce mutane na zaton kiɗan ne ke ba su tsoro, alhali ɗaukewarsa ce. In kyamara ta tsaya a kan wani ɗan abu, maɓalli ko kwalin ashana, ta ƙi wucewa da wuri, sai ya ce, "Ku riƙe wannan. Kyamara ba ta kallon banza." Wanda 'yan sanda suka fara damƙa kuwa, Kawu kan wanke shi nan take: "Sake shi, ofisa, ba shi ba ne. Da shi ne da mun tashi mun tafi gida."

Abin da ya fi so duka shi ne takalmi. In aka nuno ƙafafu na tafiya, aka hau zuwa hannu, aka tsaya a ƙeya ba a nuna fuska ba, sai ka ga Kawu yana murmushi kamar ya ga tsohon aboki.

"Ga bos nan," zai ce, wato mugun fim ɗin. "Mai fim ya ɓoye muku fuskarsa. Alkawari ya yi muku ke nan: ku zauna, zan nuna muku ita a ƙarshe. Shi ya sa ba mai tashi ko fitsari ya matse shi."

Wasu sukan yi ƙorafi wai yana kashe musu daɗi. Bai taɓa faɗin ƙarshen fim ba, ko ya gan shi sau ashirin. Da minti biyar ɗin nan sun wuce yake kama bakinsa, ba ka ƙara jin ta bakinsa sai an tashi.

Wata rana wani babban ma'aikaci ya zo da direbansa, ya tarar an sa sakata. Ya yi ta faɗa a waje, yana tambaya ko an san shi wane ne. Kawu ya leƙa ta ramin kwano ya ce, "Ranka ya daɗe, jirgin sama ma in ya tashi ba ya dawowa ɗaukar minista." Mutumin ya yi rantsuwa sai ya sa an rushe rumfar. Sati biyu Inna ba ta ci abinci da daɗi ba, tana yi wa Kawu mitar taurin kai. Ba a rushe ba. Direban ne ma ya zama ɗan gida.

Zancen "dawo Lahadi" kuwa, ga yadda yake. Leburori da kwandastoci ba su da ikon lokacinsu, kullum su ne makararru. Saboda haka duk Lahadi da hantsi Kawu kan buɗe rumfa kyauta, ya jero kasakasan makon, ya riƙa sa farkon kowanne, minti biyar-biyar, yana bayani. Bai rubuta komai ba, amma ya san wa ya rasa wanne. "Kai mai jar hula, na ranar Laraba ka rasa, matso gaba." Bayan nan duk ranar da aka maimaita fim ɗin, wanda ya halarci Lahadi yana iya shiga ko a tsakiya ne. Wata Bagwariya mai sayar da doya a bakin tasha ba ta taɓa kallon fim cikakke ba, Lahadin nan kawai take zuwa bayan ta taso daga coci. Ta ce ita farkon ya ishe ta, sauran takan ƙarasa shi a kanta tana tafiya gida.

To, ga inda na shigo da nawa.

A tsakiyar shekarun casa'in kasakasan finafinan Hausa suka fara zuwa daga Kano. Muka kalla, ni da wani abokina, muka ce ashe abin ba gagara ba ne. Ni akawu ne a wata ma'aikata, na iya buga tafireta, saboda haka na naɗa kaina marubuci kuma darakta. Abokina mai sayar da kayan gyaran mota ya ɗauki nauyi. Muka samo wani mutumin Binuwai mai ɗaukar bidiyon biki ya yarda zai ba mu Asabar ɗin da ba shi da aiki. Labarin na kisan wani dillalin filaye ne, wanda ya sayar wa mutum uku fili ɗaya. A Suleja ta lokacin ba sai ka ƙirƙiro irin wannan ba.

Na kai wa Kawu takardun na karanta masa. Na fara da tsakar dare, ana ruwa da tsawa, 'yan fashi shida sun dira da bindigogi.

Ya saurara har na gama, ya ce, "Wannan tsoron mutanen wata ƙasa ne ka aro. Su dare da ruwa ke ba su tsoro. Kai a garin nan yaushe gabanka ya fi faɗuwa?"

Na ce ban sani ba.

"Tsakanin azahar da la'asar. Rana ta take, kowa ya shige, ko kaza ta nemi inuwa. Ka bi ta layin kangwayen da ba a gama ginawa ba, ka ji taku a bayanka. In ka yi ihu wa zai ji? Kuma mutum shida sun yi yawa. Ɗaya ya isa, in dai wanda ba za a taɓa zata ba ne."

"Kamar wa?"

"Kamar tsoho mai carbi, wanda kowa ke gaishe shi."

Muka kalli juna. Da wasa na ce, "Kawu, ai kai ne." Na zaci zai kore ni. Sai ya shafa gemu, ya ce tunda ba a nuna fuska a farko, zai iya. Na ce a ƙarshe fa, ranar da za a kama shi? Ya ce, "In mun kai can, na yarda. Sau ɗaya dai a rayuwa a haska ni ni ma." Mutumin da ya gudu daga hoton bikin 'ya'yansa ne ya faɗi haka, kuma ban tsaya na auna nauyin maganar ba.

Muka yi ɗaukar wata Asabar a wani kango a hanyar Garam. Ticha ne ya fito a dillali, da jaka a hammata. Ya rufe shago, ya yi wa mai shayi sallama har da tambayar lafiyar yara, ya kama hanya. Sai takalmi. Kawu ya ƙi wanda muka aro masa, ya sa nasa na fata da ya sha ɗinki. Ya nuna wa mai kyamara inda zai kwanta a ƙasa, ya sa aka kori wani kare da ke haushi daidai lokacin da yake so a yi shiru. Mai kyamara yana gumi yana cewa, "Baba, this one no be wedding o." Aka ɗauki ƙafa, aka ɗauki hannun da ke jan carbi ya daina ja, aka ɗauki ƙeya da hula, aka ɗauki inuwa a jikin bulo. Ba a nuna kisan ba. Jakar Ticha kawai aka ga ta faɗi, takardun fili suka watse. Tun daga ranar Kawu ya daina ce mini Na Auta, ya koma Darakta.

Washegari Lahadi muka sa kaset ɗin a rumfa bayan an gama farko-farko, mutane cike. Aka yi tsit. Bagwariya mai doya ta dafe ƙirji. Amma da aka gama, abokina mai ɗaukar nauyi ya ja ni gefe, da wasu samari, suka ce abin ya yi sanyi. "No action," in ji ɗaya. Ba duka, ba harbi, ba waƙa. Wa zai sayi kaset don ya kalli takalmin tsoho? Suka ce a sake, a sa babura suna bin juna, a nuna bos tun farko da baƙin tabarau, kuma saurayi.

Da ina da hankali da na ce su bari mu yi shawara. Amma ina jin ana ce mini darakta kaina ya kumbura, kuma ina tsoron kada mai nauyi ya janye. Na juyo na sanar, a gaban kowa, cewa za a sake farkon.

Kawu ya ce, "Darakta, in ka nuna fuska tun farko, me mutum zai zauna jira?"

Na ce zamani ya canza.

Ya ce, "Zamani ya canza, amma ɗan Adam bai daina son leƙen abin da aka rufe ba."

Aka yi dariya, kuma na ji kamar da ni ake. Sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kawu, kai fa haska finafinan wasu ka iya. Ba ka taɓa yin naka ba."

Kwandastan nan ya sunkuyar da kai. Ticha ya ce, "Haba, haba." Kawu ya dube ni, ba fushi a idonsa, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya fitar da kaset ɗin daga bidiyo, ya hure shi kamar yadda yake wa kowane kaset, ya sa a kwali ya miƙo mini da hannu biyu.

"Gaskiya ka faɗa," ya ce.

Fim ɗin bai je ko'ina ba. Ranar da za a ɗauki babura ɗaya ya ƙi tashi, ɗayan mai shi ya fasa. Lokacin bukukuwa ya zo, mai kyamara ya ɓace mana. Mai nauyi ya yi aure. Ni kuma na ɗauke ƙafa daga Bagama. Daga gidan da nake haya zuwa rumfar Kawu tafiyar minti goma sha biyar ce, kullum motar da nake bi tana sauke ni a tashar da ke gabanta, amma sai in zagaya ta bayan masu lemo. Wata takwas ina wannan zagaye. Ba fushi nake ba, wa ya yi mini laifi? Kunya ce ta haɗu da girman kai, kuma an ce girman kai rawanin tsiya. Kullum sai in ce gobe zan je in durƙusa.

Shi ne ma ya riƙa nemana. Ticha ya tare ni a tasha ya ce, "Baba ya ce in gaya wa Darakta, an yi wa mutane alkawarin fuska." Na ce aiki ne ya yi yawa. Mahaifiyata ta aiko daga Zariya tana tambaya me ya haɗa ni da Yaya. Na ce ba komai.

Da ƙaramar Salla ba yadda zan yi, na bi ayarin 'yan gaisuwa na shiga, na zaɓi lokacin da zaure ya cika. Na durƙusa daga nesa. Ya hango ni ta saman kawunan mutane.

"Darakta! Yaushe za a kama ni ne? Na kashe mutum wata da watanni ina yawo a gari, ba wanda ya ce mini kanzil."

Zaure ya kwashe da dariya. Ƙofa ce ya buɗe mini, wadda ko ministan da ya yi misali da shi bai samu ba. Abin da ya rage in matso in kama ƙafarsa in ce Kawu ka yafe mini, Asabar mai zuwa za mu ɗauka. Sai na yi yaƙe na ce, "Bayan babbar Salla, in sha Allahu."

Ya ce, "To. Ina nan, ban gudu ba."

Saura kwana goma sha ɗaya babbar Salla ya rasu. Ta ranar ƙaramar Sallar nan ita ce maganarmu ta ƙarshe, kuma ban ce masa ya yafe mini ba. Na faɗe shi nan a fili don shi ne abin da ke cina.

A cikin watannin takabar Inna ba abin da ban saƙa ba. Na ce zan ce kaset ɗin ya ɓata. Na ce zan ce bidiyo ya cinye zaren. Na je wurin mai kyamara ko yana da wani guntun da ya ɗauka muna hutawa, ya ce ya daɗe da ɗora bikin wasu a kai. Ni kaina ban iya sa kaset ɗin ba tun ranar da Kawu ya miƙo mini shi. Kwana biyu da fitar Inna daga takaba ta aiko babbar 'yarta har gida: Inna ta ce alkawari.

Na je ranar Asabar da hantsi. An riga an kwaso talabijin da bidiyon rumfa an ajiye a tsakar ɗakinta, an rufe da zane. Ta yi wanka ta sa atamfa, har da kwalli. 'Ya'yanta uku na zaune a bakin gado. Na durƙusa na ce, "Inna, kafin in sa, akwai abin da ya kamata ki sani. Ba a ɗauki fuskarsa ba. Mun ajiye ta sai ƙarshen fim, kuma ba mu kai ƙarshen ba. Laifina ne."

Ta dube ni jim kaɗan. "Sa dai."

Na danna kaset, aka nuno Ticha ya rufe shago ya yi sallama. Sai takalmi ya shigo. Ƙaramar 'yar ta toshe baki. Inna ta matso.

"Ga shi nan," ta ce. "Dubi yadda yake jan ta hagu. Sau nawa na ce ya yar da takalman nan."

Hannu ya fito da carbi. Ta ce ita ta sake masa zare. Aka hau zuwa ƙeya, hula ta ɗan karkace, yana tafiya a hankali zuwa ƙofar kango, kyamara na bin sa a baya. Na ji numfashin Inna ya canza. Ta manta da mu, ta manta da abin da na faɗa mata.

"Malam," ta ce da talabijin, a hankali. "Juyo mana."

Sai ya fara juyowa. Wallahi na manta da wannan wurin sam. Wani abu ne ya faɗi a bayanmu ranar, ya waiwayo ya duba. Kunnensa ya fito, da gefen gemu, da ɗan kumatu. Inna ta miƙa hannu. Sai wata murya ta fasa ɗakin daga cikin talabijin, da tsawa, irin ta mai jin kansa:

"Kawu, kada ka juyo! Za ka ɓata mana!"

Ya tsaya cak. Aka ji dariyarsa, gajeriya. "To, Darakta." Ya mayar da kai gaba ya shige kango. Jaka ta faɗi, takardu suka watse, hoto ya ɗauke ya bar yayyafi.

Can Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Muryar wa ce wannan?"

"Tawa ce, Inna."

Ta gyaɗa kai. "Shekara talatin da huɗu ina tare da mutumin nan, ban taɓa cewa ya yi abu ya yi a karon farko ba. Kai ka faɗa sau ɗaya ya bi."

Na so ta zage ni, ba ta yi ba. Ta goge ido da bakin zane ta ce in mayar da shi baya, in tsayar daidai kunnen, kafin maganar.

Na mayar, na tsayar. Bidiyon tsoho ne, in an tsayar da shi hoton rawa yake yi, kuma bayan ɗan lokaci yakan saki da kansa ya ci gaba. Saboda haka na zauna a ƙasa da yatsana a kan maɓalli, duk sanda ya saki in mayar in sake tsayarwa kafin muryata ta fito. Inna ta ja tabarma har gaban gilashin, ta zauna tana kallon kunnen mijinta da gefen gemunsa. Muna haka har aka kira azahar.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Ya nuna wa Inna fuskar nan cikakkiya a gidan da ba a rabuwa. Ni kuma wanda ya karanta wannan ya roƙa mini gafara, don wanda ya kamata in roƙa na bari ya tafi.